Shekarar Da Na Toshe Ƙarƙashin Rumbu

A gidanmu akwai abu guda da Baba yake tinƙaho da shi, kuma ba ya gajiya da faɗa: tun da ya gaji gandu daga mahaifinsa bai taɓa ɗaukar buhu ya tafi kasuwa awon hatsi ba. Ko a shekarun da ruwa ya yi gardama, maƙwabta suka koma kan rama da tafasa, mu tuwon geronmu muke ci, ko da bai cika kwano ba. Kasuwar hatsi ta Dawanau ta san shi da kai kaya, ba ta san shi da ɗaukowa ba. Sama da shekara arba'in yana riƙe da wannan suna. Fari ya zo ya wuce, fara ta zo ta wuce, ba abin da ya taɓa shi, sai da Allah ya ba shi ɗa mai difloma a fannin gine-gine. Ni ke nan.

Rumbun da ke ɗauke da sunan nan na ƙasa ne, ƙato, yana gefen tsakar gida kusa da rariyar da ruwan sama ke bi ya fice waje. A kan duwatsu aka ɗora shi, tsakaninsa da ƙasa akwai ɗan fili da bai kai kamu guda ba, inda kaji ke shiga su sha inuwa su yi tono. Cikin rumbun na Baba ne shi kaɗai. Shi ke hawa tsani, ya ɗage jinka, ya jefo damin da za a ci. Inna ba ta taɓa leƙa cikinsa ba, don a wajenmu mace ba ta leƙa rumbu. Amma ƙarƙashinsa nata ne, kuma ban taɓa ganin Baba ya sunkuya ya duba wurin ba.

Duk ranar da aka yi ruwa aka ɗauke, kafin ta hura wuta, sai Inna ta ɗauko wata tsohuwar fartanya mai doguwar ƙota, ta durƙusa, ta zura kai da kafaɗa ƙarƙashin rumbu. Ta ja wa ruwan da ya kwanta hanya zuwa rariya, ta kwashe caɓin, ta watsa toka da busasshen yashi da take ajiyewa a wata fasasshiyar tukunya. Sauran aikin na kaji ne da iska. Haka na tashi na gan ta, ban taɓa tambaya ba, kamar yadda ba ka tambayar dalilin daka.

Shekarar da na gama karatu, abokaina biyu suka zo daga birni gaishe ni, da wankakkun shaddodi. Muka shigo gida bayan ruwan hantsi, abin da ya tarbe su shi ne tafin ƙafar mahaifiyata, sauran jikinta yana ƙarƙashin rumbu. Suka gaishe da ƙafafun cikin ladabi. Da ta fito, gwiwoyinta duk taɓo, sai da ta dafa dutse kafin ta miƙe. Na ji tausayinta, wannan gaskiya ne. Amma kunyar da na ji ta ninka tausayin, wannan ma gaskiya ne.

Da rani ya yi, bayan an cika rumbu, na sami Baba a zaure na zuba masa ilimi. Na ce wurin nan matattarar ɓeraye ne, maciji ma zai iya fakewa, ga Inna girma ya zo. Na ce zan zagaye gindin rumbun da bulo, in shafe da siminti, ruwa ba shiga, ɓera ba shiga. Har zane na yi masa a takarda, da kibiyoyi.

Baba ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "To, ai kai ka yi karatun. Ka yi abin da ka ga ya dace."

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, balle ta yi jayayya da ni. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, mutum ne ko dabba. Ranar da magini ya fara jera bulo, tana zaune tana tsince wake, ta dubi wata baƙar kaza ta ce, "To ke, sai ki tattara 'ya'yanki ki nemi masauki. An kawo boko."

Na yi kamar ban ji ba. Da aka zo bulon ƙarshe, ta sake ce wa kazar, "Ko ta ina zai sha iska, oho."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Rumbu da shan iska! Na ce wa magini, yadda za ta ji, ai matsalar mutanenmu ke nan, komai sai sun ba shi rai. Aka shafe, aka goge, ya yi sumul. Mutanen unguwa suka riƙa sallama suna shigowa kallo, ni kuma ina tsaye hannu a baya ina amsa tambayoyi. Fartanyar Inna na rataye ta a bayan ɗaki, na ce ta yi ritaya.

Damina ta sauka. Ruwan tsakar gida, wanda bai ga zanen da na yi ba, ya ci gaba da bin hanyarsa ta kaka da kakanni. Ya zo ya tarar da bulo, ya tsaya a gindinsa, ya tsuma ƙasa, ya bi ta ƙarƙashi ya shige. Shiga dai ya samu. Fita ce na hana shi, ita da iska da rana da kaji da Inna.

Ba a bar ni babu gargaɗi ba. Kaji da suka rasa mafaka suka dawo ƙofar ɗakina, suna bar mini saƙo a kan takalmi kowace safiya. Sai wani duhu ya fara hawa jikin rumbun daga ƙasa, kamar zanin da bakinsa ya taɓa ruwa. Na ce siminti ne yake kama jikinsa. Wata rana Inna ta tsaya a wurin da tsintsiya, ta ja numfashi, ta ce wa baƙar kazar, "Ke ma kin ji warin? To mu yi shiru, mu ba mu da takarda."

Ta dai gaya wa Baba sau ɗaya, ina ji daga ɗaki. "Malam, gindin rumbun nan ya yi laima."

Baba ya hau tsani, ya ɗage jinka, ya taɓa damman sama, ya ji su ƙalau. Ya sauko ya ce, "Lafiya lau yake. Shi fa ya yi karatun." Ya duba inda ya sani, inda ta sani kuwa na riga na rufe shi da siminti.

A gidanmu akwai wani ƙaramin rumbu, shi ake fara ci, ba a taɓa babban sai marka ta kankama, lokacin da na ƙaramin ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ranar da aka zo buɗe shi, da safe ne, bayan kwana uku ana yayyafi. Baba ya shiga yana jefo damma, na farko lafiya, na biyu lafiya, har wajen goma sha. Sai jifa ta tsaya. Muka jira. Can ya ɗago, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, riƙe da wani abu da a da zangarniyar gero ce. Ta ruɓe, ta yi fumfuna, wasu ƙwayoyin har sun yi tsiro fari fat, gara kuma ta yi gini a tsakani. Ya sake sunkuyawa, ya ci gaba da fito da noman shekara guda, hannu bayan hannu, yana zubarwa ƙasa.

Ni na ɗauko guduma da kaina. Bugu uku bulon ya fashe, wani baƙin ruwa mai ɗoyi ya tuɗo ya wanke mini ƙafafu, kwaɗi biyu ƙosassu suka fito a natse, kamar masu gidan da aka tasa daga barci.

Inna ta ce musu, "Sannunku da zama." Daga nan ta wuce bayan ɗaki ta sauko da fartanyarta, ta durƙusa.

Abin da ya tsira ba zai kai mu sabon gero ba, kowa ya ga haka. Na sami Baba a zaure, na ce ya bar ni in je in auno ni kaɗai, in shigo da shi ta ƙofar baya, ba wanda zai sani. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, baƙin bai gama fita daga faratansa ba.

Ya ce, "Gidana ne. Ni zan auno."

Bai yarda da kasuwarmu ba, bai yarda da ta Tofa ba, ya ce Dawanau, wai can jama'a ta yi yawa, ba mai lura da wani. Na goya shi a babur, buhu biyu a naɗe a hammatarsa. Duk tsawon hanya, gonaki kore shar dama da hagu, ban ji muryarsa ba. Na so ya zage ni, wallahi na so.

Ko gama kafe babur ban yi ba, wani dattijon dillali da ya shekara da shekaru yana sauke kayan Baba ya hango mu, ya taso da fara'a, hannu biyu a miƙe.

"A'a, Malam da kansa, tsakiyar marka! Ai na faɗa musu, in kowa ya rasa, gidanka ba a rasawa. Ina motar? Buhu nawa za mu sauke?"

Baba ya gyara buhunan da ke hammatarsa. Ya ce, "Awo na zo."

Kasuwa tana ta hayaniya, muryar kuma ba ta fito ba. Dillalin ya matso da kunnensa ya ce, "Na'am?"

Ina tsaye a gefe da diflomata, sai da Baba ya sake faɗa.