Saniyar da Ta Kai Kakannina Ikko

Tun kafin in taɓa ganin taswira na haddace hanyar Ikko gari bayan gari, kuma a bakin kakata na koye ta. Inna Tumba muke ce mata. Ba ta yi boko ba, allo ma iyakarta surorin salla, amma in ka ce ta jero maka zangunan da ke tsakanin ƙofar ɗakinta da bakin teku, za ta jero su ba gargada, har ta gaya maka inda rijiya ke da ruwan daɗi da inda sauro ya kusa kai girman fara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gummi da Bukkuyum. A shekarun da nake magana ina aji biyu ko uku na firamare, lokacin da manyan motocin shanu suka fara yawa a wajenmu, suna lodi ranar kasuwa su nufi Kudu. In an gama girbi sanyi ya shigo, da an ci tuwo bayan magariba sai Inna Tumba ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta cusa dankali cikin toka. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen da hayaƙi bai bi ba. Mijinta, Baba Jaɓɓi, yana can gefe kan buzu da rediyo a kunne, wai shi labarin duniya yake saurare. Mun daɗe da lura cewa da ta buɗe baki sai muryar rediyon ta yi ƙasa.

Tana da tatsuniyoyi iri-iri, amma labarin Kyalla muka fi roƙo. Sai ta ja mana rai, ta juya dankali, sannan ta ce, "Ku gyara zama. Wagga ba tatsuniya ba ta. Da ƙahwata nit taka ta, ga shaida can zaune shina ƙaryar jin rediyo."

Kyalla saniya ce ja mai farin goshi. Mahaifiyar Inna Tumba Bafillatana ce, kuma da ta rasu, saniyar nan ce kaɗai abin da ta bar mata. A lokacin Inna Tumba ba ta fi shekara biyu da aure ba, ba ta haihu ba tukuna. Kwana arba'in da rasuwar, sai wani mai koren shanu da ake kira Buba Dogo ya sauka bayan gari da garkensa, zai kai su Ikko a ƙasa, don a zamanin ba mota, shanu da ƙafarsu suke kai kansu wurin mahauta. Da gari ya waye Buba Dogo ya tashi. Aka duba turke, ba Kyalla, sai igiya.

"Namiji tab bi," in ji Inna Tumba. "Cikin garken akwai wani bijimi mai ƙaho kamar reshen tsamiya. Ni dai na san ba tarbiyyar uwata ba ta."

Ta ɗaura zane ta ce wa mijinta ya tashi su bi sawu. Baba Jaɓɓi yana shan fura. Ya rufe ƙwaryar da faifai, ya ce kada kowa ya taɓa masa, yanzu zai dawo ya ƙarasa. Wata biyar suka yi.

A nan mukan fashe da dariya ko da mun ji sau ashirin, shi kuwa sai ya yi gyaran murya ya ce, "Wata huɗu da kwana goma."

Laifin farko nasa ne, a faɗarta. Ya ce ya san wata 'yar hanya ta cikin daji da za ta fitar da su gaban garken kafin azahar. Suka bi, suka kwana cikin daji, sai washegari suka faɗo Daki Takwas. Ta tambayi wata mai sayar da nono ko ta ga shanu sun wuce. Matar ta ce ƙwarai kuwa, jiya-jiyan nan. Suka ƙara sauri. A Zuru aka ce musu jiya suka wuce. A Rijau ma haka. Ko sau ɗaya ba su tambayi shanun wa ba, alhali a wannan hanya da rani babu ranar Allah da garke ba ya wucewa.

A Kwantagora 'yar hanyarsu ta shiga babbar hanya, wadda ta taso daga Sakkwato ta biyo Jega da Yawuri. Nan Inna Tumba takan dakata da labarin Kyalla ta ba mu tarihi, kuma tarihin nata ba ya kama da na malaminmu. Ta ce tun dauri shanu ne suka fitar da hanyar da kofatonsu, don saniya ba ta yin nisa da ruwa, shi ya sa duk zango yake bakin rafi. Fatake suka biyo shanu da jakunansu, su kai kanwa da fata, su dawo da goro. "Sannan Nasara yaz zo," ta ce, "yas sa anka kamo mutane suna sare itace suna ɗaukar ƙasa bisa kai. Yak kakkahwa duwatsu masu lamba, yac ce hanya tashi ta. Shanu ba su ce mishi komi ba. Sun dai riƙa sosa jiki ga duwatsun nai."

Guzuri ya ƙare tun a Rijau. Suka haɗu da ayarin fatake, shi yana taya su ɗaurin kaya, ita tana yi musu tuwo, a haka suke ci. Daga Makwa ƙasa ta fara canzawa, itatuwa suka yi tsawo, gero ya ɓace, aka shiga ƙasar doya. Baba Jaɓɓi bai taɓa cin sakwara ba. Ya yanki loma irin ta tuwon dawa ya jefa baki, ta ƙi taunuwa ta ƙi haɗiyuwa, ya zauna idanu waje har sai da madugun ayarin ya daka masa duka a baya.

Wurin da muka fi so shi ne gadar Jabba. Ta ce Kwara a nan faɗinta ya sa gulbinmu ya zama kamar abin da yaro ya zubar daga buta. Gada ɗaya ce tal, ta ƙarfe, jirgin ƙasa da mutane da shanu duk ita suke bi, kowa da lokacinsa. Da suka hau, Baba Jaɓɓi ya leƙa ƙasa ya hango ruwa na gudu, sai ya durƙusa. Da rarrafe ya haye Kwara, yana karanta duk abin da ya sani, ita tana gaba da ƙwarya a ka tana ce wa mutane ba ta san shi ba.

"Takalmina nika gyarawa," Baba Jaɓɓi zai ce daga kan buzu.

"Tun daga wannan gaɓa har waccan?"

Sai ya ƙara muryar rediyo.

Daga nan sai Ilori, inda ta ji ana kiran salla da irin muryar da ta sani amma in an sauko masallaci ba ta gane ko kalma ɗaya. Sai Obomosho, sai Oyo, sai Badun, garin da ta ce sun shiga da hantsi suna ta tafiya har la'asar ba su fita ba. A kowane gari akwai zangon Hausawa, a kowane zango tana zagaya shanu tana kiran Kyalla da irin kiran da uwarta ke yi. Shanun mutane su ɗago kai su dube ta, su ci gaba da tuƙa. Suka wuce Abekuta, suka sauka zangon Agege, inda ake tara shanun Ikko. Ba Buba Dogo, ba labarinsa. Amma wani ya ce ya ga shanu sun yi gaba jiya.

Suka yi gaba. Suka ratsa gari, suka haye wata gadar, suka bi ta cikin hayaniyar da ba ta taɓa jin irinta ba, har ƙasa ta koma rairayi, rairayi kuma ya ƙare. Ta ce ta tsaya tana neman ɗaya gaɓar ba ta gani ba. Ruwa ne yake tasowa kamar zai cinye mutum, sai ya fasa ya koma, ya sake tasowa. Baba Jaɓɓi ya cire takalma ya ajiye zai yi alwala, ruwan ya zo ya ɗauki ƙafa ɗaya ya tafi da ita.

Muka tambaye ta ko ta ji tsoro.

"Tsoron mi? Hamdala niy yi. Nic ce, to Kyalla, nan dai ba ki wucewa."

Suka koma Agege suka zauna jira. Tana dama fura tana sayar wa masu shanu, shi yana yawo da takalmi ƙafa ɗaya. Bayan kwana ashirin sai ga Buba Dogo ya iso da garkensa, sun rame sun yi baƙi. Ashe tun daren da suka bi 'yar hanyar daji suka wuce shi, duk tafiyar nan yana bayansu. Ta tare shi ta ce ina saniyarta. Ya daɗe yana kallonta kafin ya tuna. Ya ce ai tun ranar farko ya ga baƙuwar saniya cikin shanunsa, ya sa ƙanensa ya mayar da ita garin su Inna Tumba kafin rana ta faɗi.

Da suka dawo gida suka tarar da Kyalla ɗaure a turkenta ta yi ƙiba, ciki ya fito. "Tad dube ni," in ji Inna Tumba, "kamar ni ce nib bi namiji." Daga nan sai ta tono dankali ta rarraba mana, ta ce inda ruwa ya tare hanya nan labari ya tsaya, kowa ya tafi wurin uwarsa.

Muna yara, darasin da muka ɗauka shi ne wanda iyayenmu suka fi so: in za ka yi tambaya ka yi ta cikakkiya. Aka yi shekaru duk wanda ya yi gaggawa a gidanmu sai a ce masa shanun wa.

Na kai shekara goma sha tara lokacin da wani kawuna ya ce in raka shanunsa Ikko a mota. Kwalta ta riga ta shimfiɗu, an yi sabuwar gada a Jabba, tafiyar wata biyu ta koma kwana biyu. Na je yi wa Baba Jaɓɓi sallama da hantsi, na same shi yana shan rana, ya tsufa ƙwarai. Ya ce in zauna. Ya dubi ƙofar ɗakin Inna Tumba ya ga ba ta kusa.

"Abokina, in ka kai Zuru ka gaishe min da ita. Nan nis san saniyar ga tana gida."

Na ce ban gane ba. Ya ce a Zuru, kwana uku da fitarsu, wani mai jakai ɗan garinmu ya cim musu, ya gaya masa an mayar da Kyalla tun ranar. Na ce to me ya hana shi faɗa mata.

Ya gyara zama. Sannan ya ce tun da uwarta ta rasu ba ta ci abin kirki ba, ba ta magana, sai ta zauna ta zuba wa bango ido. Ya kawo malamai, ya kawo masu magani, ba abin da ya canza. Amma a kan hanya, ranar da suka kwana a daji, ta zage shi tas. Washegari ta cinye tuwon mutum biyu. "Nic ce bari mu ƙara zango guda. Da munka ƙara, nig ga ta yi dariya. To ka san sauran." Ya ce in na gaya mata bai yafe ba.

Na riƙe maganar har bayan rasuwarsa, shekara biyu. Wata rana da yamma na sami Inna Tumba tana tsince wake, na ga kamar ta koma irin zaman da ya kwatanta mini. Na ce a raina yanzu dai ba wanda zan saɓa wa sai kabari, kuma shi da kansa ya nuna mini abin da ake yi in ta yi irin wannan shiru. Na gaya mata duka.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Maigida, kai ma dai. Mai jakan nan ni yah hwara gani bakin rijiya, kahin shi kai ga kakanka."

Na ce, "Inna, kin sani ke nan? Tun daga Zuru?"

"Awo. Nig ga mutum ya zo shina ce min mu yi sauri, shanu sun wuce jiya. Mutumin da ko kare ya yi mishi haushi sai ya koma gida. Nic ce bari in gani ina ƙaryar ga za ta kai shi." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Da rarrahe yah haye Kwara saboda ni. Kana son in ce mishi mu koma?"

Na bi hanyar nan ya fi a ƙirga tun daga lokacin, har yanzu kuma in mota ta hau gadar Jabba nakan leƙa ƙasa. Na daɗe ina ɗauka labarin wauta ne na mutum biyu da ba su iya tambaya ba. Yanzu da na yi aure na ga wuya na ga daɗi, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda suka yi shekara hamsin suna ba da labarin nan a gaban juna, ita tana ƙari, shi yana gyara mata lissafin kwanaki, ba wanda ya taɓa gyara wurin da ya san ƙarya ce.

Na tambaye ta ko tana ganin ya taɓa gane cewa ta sani. Ta yi dariya har ta yi tari, dariyarta ta farko tun bayan takaba.

"Shi? Har ya koma ga Allah shina ganin ya yi min wayo. Ka bar mishi abinai."