Allurai Uku a Bakin Goggo

Ni kaɗai na lura cewa leɓen Goggo yana motsi duk lokacin da wani yake magana a gaban kyamara. Ƙanwar babana ce, malamar firamare. Da safe tana aji, da yamma tana ɗakin da suke ɗaukar wasan barkwanci. Ita ke rubutawa, kuma a bana ta fara fitowa a ciki. In na taso daga jami'a nakan biya in yi kallo.

Ranar nan sau biyar ana maimaita fitowa ɗaya. Darakta ya cire hula ya sosa kai.

"Malama, rubutunki ba na biyunsa. Amma da kin shigo sai dariyar ta mutu, na rasa dalili. Ki tsaya a rubutun, gobe in kawo wata."

"Shekara huɗu ina sa wa mutane magana a baki, yau da na rubuta wa kaina za ka kawo wata? Wa? Ƙanwar matarka?"

Aka kwashe da dariya.

Da aka tafi hutu na matsa kusa da ita, muryata da ƙyar take fita.

"Goggo, kina faɗin maganar kowa tare da shi. Kuma kina murmushi tun abin dariyar bai iso ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke, ashe kina magana?"

Ta sa mai kyamara ya dawo mata da hoton. Ta kalla sau biyu, ta riƙe haɓa.

"Ai dole. Ni na haifi maganganun nan, ya za a yi in ji su in yi shiru?"

Ta nemi minti ashirin, ta zauna a kan benci da biro. Matar da take fitowa a matsayinta mai shago ce, sai ta mayar da ita tela, mai allurai uku a baki kullum, ba ta cire su sai za ta yi faɗa. Leɓe ya tsaya cak. Ɗauka ɗaya aka yi, mai kyamara yana danne dariya har kafaɗarsa na girgiza. Ni kuwa ji nake kamar in gaya wa kowa cewa goggona ce.

Darakta ya mayar da hularsa. "Gobe ƙarfe huɗu, Malama."

"Ƙanwar matarka fa?"

"Za ta haƙura."

Da muka isa gida hadari ya haɗo. Ta ajiye jaka ta fita kwashe shanya.