Askin Sunan da Baba Bai Yi Ba

Babana wanzami ne, haka ma kakana. Babu jaririn unguwarmu da kansa bai bi ta ƙarƙashin askar Baba ba. Shi ya sa tun matata na da cikin ɗanmu na fari na nema masa biza, ya zo Landan ya yi askin suna da hannunsa. Ya iso da asake uku a ƙasan akwati, naɗe cikin tsumma.

Abin da na manta shi ne hoton da ke rataye a bakin falonmu na Catford. A wani shagon tsofaffin zane-zane kusa da Charing Cross na saye shi, irin wanda Turawan dā suke yi don tsokana. Wani ƙaton wanzami ne mai tumbi, ya kifa hular gashi kamar tulin auduga, ya damƙe hancin wani bawan Allah, aska a maƙogwaro, jini na ɗiga a ƙyalle. A ƙasa mage tana lasar kumfar sabulu. Duk abokin da ya shigo sai ya ƙyalƙyale da dariya, ni ma in taya shi. Ban taɓa gaya wa ko ɗayansu sana'ar gidanmu ba.

Baba ya daɗe a tsaye gaban hoton.

"Wannan gashin nasa ne?"

"A'a Baba, na aro ne. Haka manyansu suke sawa a dā."

"Ba a riƙe aska haka. Wanda ya zana wannan bai taɓa yi wa kowa aski ba." Sai ya juyo. "Kai ka saya?"

Na ce e, ai wasa ne kawai. Ya ce, "To," ya wuce ya yi alwala.

Da yammar nan kuma, matata, da ba ta san abin da ya faru ba, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Ka tambayi Baba ko za a yi sterilising ɗin askar, a kashe ƙwayoyin cuta, midwife, ungozomar asibiti, za ta zo dubawa." Tambaya ce mai kyau, da a wata rana ta yi ta. Baba yana zaune a falo, ya ji sarai.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ji haushin wanda ya yi zanen, mutumin da ya daɗe da zama ƙasa. Na ji haushin matata da ba ta yi laifin komai ba. Haushin kaina ya fi, don ni na buga ƙusar da aka rataye hoton. Na sauke hoton na cusa bayan kujera, amma aikin gama ya gama.

Ranar suna da safe na kawo ruwan ɗumi da sabulu na ajiye a gabansa. Bai ko kalle su ba.

"Hannuna rawa yake yi yanzu," ya ce. "Tsufa ya zo. Nemo na nan garin."

Na durƙusa. "Baba, saboda wannan fa ka taso tun daga gida."

"Nemo na nan garin."

Dole na je na ɗauko wani mai aski ɗan Ghana da ke layinmu, ya zo da injinsa mai ƙara. Baba ya karɓi jikansa, ya tallafe ɗan kan nan a tafin hannu ɗaya, yana juya shi a hankali duk inda injin ya nufa. Ni ban kalli askin ba, hannun nake kallo, tun daga farko har aka gama. Ko sau ɗaya bai yi rawa ba.