Suwaitar da Iya Ta Saƙa Mini

A gidanmu na Makera, da an idar da sallar magariba sai mu yara mu zagaye murhun gawayin kakarmu Iya. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, amma hannunta bai san da zancen ba. Tsinken saƙa biyu na ta ƙas-ƙas, baki na tatsuniya, ƙwallon ulu na birgima a cikin ƙwarya.

Daminar da nake aji huɗu ta ce ni za ta yi wa suwaita. Tsofaffin rigunan sanyi ta sa aka sayo mata a gwanjo, ta warware su, ta wanke zaren. Ta auna bayana da taƙi tana tsiya. "Tsaya mana, maigida! Miji ba cefane sai motsi." Ta zaɓi ruwan ƙasa saboda datti, ta ninka saƙar a gwiwar hannu, ta yi gaban a buɗe da maɓallai, har da aljihun gyaɗa. "Ta kullum ce," in ji ta. "Ka sa ta har ta mutu a jikinka."

Ranar da ta kama saƙa hannun hagu na suwaitar ta ce, "To, ga ta nan tafe, ku matso ku tare ta." Wai bushiya da can tsirara take yawo. Wata tsohuwa ta ji tausayinta ta saƙa mata riga mai laushi. Bushiya ta ga rigar ta fi ƙarfin zuwa kiwo, ta tura ta can ƙuryar rami sai ranar biki. Ruwa ya dake ta, sanyi ya kaɗa ta, ta daure. Ranar bikin ta jawo riga, ashe gara ta gama da ita. Don kunya ta faɗa cikin ƙaya ta lulluɓe jikinta, ita ce take sanye da ita har yau. Muka yi ta dariya, ni har da riƙe ciki.

Da suwaitar ta kammala, Ummanmu ta juya ta gaba da baya ta ce wannan ai ba ta makaranta ba ce, a ajiye sai Sallah. Ta sa mata kafur, ta kai ta gindin akwati. Ni kuwa ko a jikina, don jaket mai zif irin ta abokaina nake so. Sallah ta zo cikin zafi. Ta gaba ma haka. Ranar da aka ciro ta, hannun bai kai mini wuyan hannu ba.

Iya ba ta taɓa tambaya ba, abin da ya fi damuna ke nan. Mun ɗauka girmama aikinta muka yi, alhali watannin da ta ɓata tana lalube muka kulle. Kunya nake ji har yanzu, da furfurata.

Sai bayan rasuwarta na gane wani abu. A shekarunta na ƙarshe, duk safiyar da aka tashi da sanyi, in na durƙusa gaishe ta, takan ɗora hannu a kafaɗata ta ɗan shafa kafin ta amsa. Ina cewa albarka take sa mini. Ulun take nema, yatsunta kuwa ledar jaket suke tararwa, sai ta janye hannun a hankali ta ce, "Allah ya yi albarka, maigida. A tafi kar a makara."