Baba Sale Otomatik ya tafi, jif ɗinmu na garejinsa

Ina sa wa mahaifina hula da safen nan waya ta shigo, wai Baba Sale ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sau uku na sa mai kiran ya maimaita. Ya ce bayan sallar asuba ya dafe ƙirji a ƙofar masallaci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ga wanda bai san shi ba, bakanike ne a nan Daura, giyar mota otomatik kaɗai yake gyarawa. Ya hana a kira shi Sale Mai Giya, wai kada baƙo ya yi masa mummunar fahimta. Shi ya sa muke ce masa Otomatik.

Mahaifina, Alhaji, yana wankin ƙoda a Katsina duk Litinin da Alhamis. Tsohuwar jif ɗinsa ce ke kai mu, don a cikinta kaɗai yake iya miƙe ƙafa. Bara ta fara mana wulaƙanci. Da ta yi zafi sai ta maƙale a giya ta biyu, inji yana ta kuka, can kuma ta fizga ta buga kamar an dake mu ta baya. Duk bugu ɗaya sai na ji nishin Alhaji.

Wata Alhamis ta ƙi gaba sam, muka rasa layinmu na wanki. Kwana huɗu Alhaji yana kumbure, a zaune yake barci saboda numfashi.

Gareji uku na je, bakinsu ɗaya: a sauke giya, a jira wata giyar daga Kano.

Baba Sale bai taɓa sufana ba sai da ya zaro sandar duba man giya, ya goga a farin ƙyalle, ya sansana. Ya nuna mini man ja ne, ba ƙauri, ba garin ƙarfe. Ya karɓi makulli, ya kashe rediyo, ya ce in rufe bakina. Muka yi garin Sandamu muka dawo, kansa a karkace yana saurare.

Da ta buga, sai ya yi murmushi. Ya ce, "Ɗana, giyar nan lafiyarta ƙalau. Ƙarya ake faɗa mata."

Ya shige ƙarƙashinta da zafinta, har ya ƙone a hannu. Ashe wayar sansar da ke gaya wa giya gudun mota ce ta kwanta kusa da salansa, robarta ta narke. Ya canja waya, ya ɗaure ta nesa. Shi ke nan.

Ban roƙe shi ba ya sa aka yi wa motar 'yar matakala ta ƙarfe, don ya ga yadda nake ciccibar Alhaji. Ranar wanki kuma sai ya kira. Ba ya tambayar mota, sai dai ya ce yaya mai jiki.

Shekaranjiya Litinin, a hanyar dawowa, ta sake bugawa.

Jiya da la'asar na kai masa. Na same shi zaune a benci, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta murza kafaɗarsa ta hagu. Ya ce tun safe matarsa ke fama da shi ya je asibiti.

Wallahi na gani. Na ji abin da ya ce. Ni da nake yini a asibiti sau biyu a sati, na san ba gajiya ba ce. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, don Allah Baba, jibi Alhamis.

Ya tashi a hankali, ya kwanta a ƙasa, ya juye man, ya kwance tiren ƙasan giya. Ya ce wannan karon wani ɗan bawul yake zargi a ciki. Sannan ya ce, "Ka zo gobe bayan azahar. Alhaji ba zai rasa layinsa ba, in Allah ya yarda."

Mota na kawo, ban ce masa taho in kai ka asibiti a Keke Napep ba.

Yanzu tana can cikinta a buɗe, notocinta a cikin gwangwani. Gobe wanki. Ban san wa zai haɗa ta ba, ban san da me zan kai Alhaji ba, kuma ina jin kunyar kaina da har tunanin mota yake zo mini ana yi wa bawan Allahn nan wanka.

Na gaya wa Alhaji. Ya ce ko a kujera ne a ɗauke shi, sai ya sallace shi.

Ya Allah, ka gafarta wa Baba Sale, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya mana. Ka bai wa iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini shirun da na yi jiya.

Ƙarfe sha ɗaya za a sallace shi a ƙofar gidansa. Duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. In ya gama, ya sa Alhaji a ciki.