Hajiya Gambo da Garin da Ban San Sunansa Ba

Ina gonata ta Kurni ina duba damman geron da muka ɗaure sai na hango ƙanena Habu tafe a kan jaki. Ya sauka bai ko yi sallama ba, ya ce, "Yaya, Hajiya ta cika." Na ce, "Wace Hajiya?" alhali a duk unguwarmu ta Matameye mace ɗaya ce ta taɓa zuwa Makka. Ya ce, "Innarmu." Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka ba jakin nan ruwa kuwa?" Har yanzu ban san dalilin wannan tambaya ba. Sai da muka yi nisa a hanya na iya cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mahaifiyata Hajiya Gambo mai man gyaɗa ce, da shi ta rene mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ranar kasuwa takan ajiye randa a ƙofar gida don mutanen ƙauyen Yauri na kusa da mu da ke isowa da ƙishi. Ranar da aka wuce da mutanen da Nasara suka ɗiba aikin dole, ta dama fura ta tare su a hanya, sojan da ke korarsu ya daka mata tsawa, ta miƙa masa ludayi shi ma. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" take ce mini, har na yi furfura.

Faransawa ba su daɗe da zama a Damagaram ba ta sayar da awakinta ta ce in kai ta Makka. Na karɓo takardar izini a wurin kumandan Faransawa, muka bi ayari gabas. Da ƙafarta ta bar gida. A ƙasar Sudan gwiwoyinta suka kumbura, kafin mu kai bakin teku sai da sanda biyu take takawa, taku goma ta zauna. A bayana ta yi ɗawafi. In na nuna damuwa takan ce, "Ƙafar ce ta ƙi, idona lafiyarsa lau."

Abin da nake son in ba da labari ya faru ne a hanyar dawowa. Jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Jidda ya tsaya da safe a gaban wani gari don ɗaukar ruwa da kaya. Wani ya ce mini sunan garin kaza, wani ya ce ba shi ba ne, har yau ban san gaskiya ba. Aka ce mai so ya sauka ya ga gari. Wani tafinta ya ce jirgi zai busa sau uku kafin ya tashi. Wani alhaji ɗan Barno da muke zama kusa da juna ya rantse cewa sau biyu ya ji an ce.

Na ce, "Inna, mu zauna. Tsanin nan lilo yake yi."

Ta ce, "Kai wannan, shekara nawa muka yi a hanya? In zo har nan, in koma Matameye in ce na hangi gari daga nesa?"

Na goya ta muka sauka tsani, tana riƙe da sandunanta a wuyana, matuƙan jirgi na ta ihu da yaren da ban ji ba. Kwalekwale ya kai mu gaɓa. Can na ga wahalar da ke gabanmu: hanyar garin hawa ce, duk matakala ta dutse, ba jaki, ba raƙumi. Na kira 'yan dako biyu, na nuna musu ita, na nuna gari. Suka ɗauki sandunanta suka yi gaba, suna zaton su ne kayan. Da ƙyar na ƙwato su. Na sake goya ta har gindin wani bango mai inuwa, numfashina ya ƙare.

Ta dube ni ta ce, "Ajiye ni nan. Je ka gano mini, ka zo ka faɗa mini."

Na tafi. Wannan shi ne abin da na kasa yafe wa kaina. Na ce zan leƙa lungu ɗaya in dawo, amma lungunan garin duk kamarsu ɗaya, gidaje farare dogaye, tagogin katako a rufe. Na juya in koma, na ɓulla wani wuri dabam. Na tambayi hanya da ɗan Larabcin da na tsinta a Makka, kowa ya nuna mini wani gefe. Ina cikin haka jirgi ya busa. Na ruga. Ya sake busawa, ban san ko ta ƙarshe ce ba. Da na iso gindin bangon, babu Inna, babu sanduna. Na ma rasa ko bangon ne ko wani mai kama da shi.

Na gangara gaɓa ina kiran "Inna! Inna!" kamar yaro, ni da nake da 'ya'ya huɗu a gida. Takardunmu da guzurinmu duk suna cikin jirgi. Kwalekwale na ƙarshe na shirin tashi, na yanke shawara ba zan shiga ba, gara in mutu a garin. Sai alhajin nan ɗan Barno ya finciko rigata ya ce, "Shigo, mahaukaci! Tsohuwarka na sama tun ɗazu."

Na tarar da ita a kan tabarmarta tana cin dabino. Ta ce, "To, me ka gano mini?" Na ce bango na gani. Ta ce, "Ayya. Ba ka ga masallacin nan mai doguwar hasumiya ba? Ba ka ga kifin da ya fi mutum tsawo ba?" Ta kwatanta mini kasuwa, da rijiyar da raƙumi ke zagayawa ruwa na fitowa. Mutanen jirgi abu ɗaya suka shaida: sun ga an jawo ta sama cikin babban kwandon ɗaga kaya, tare da buhunan albasa, tana salati.

Yadda ta zaga garin kuwa, ban taɓa samun amsa ɗaya ba. Wata rana ta ce wasu mata biyu ne suka ɗora ta a keken jaki, a garin da ni ban ga jaki ba. Wata rana ta ce wani Bakatsine da ya daɗe can ne ya ji tana magana ita kaɗai, ya kira 'ya'yansa suka ɗauke ta a kujera. Jikokinta kuma ta ce musu masunta ne. In na ce, "Inna, ai bara ba haka kika ce ba," sai ta ce, "Kai da ba ka nan, kai za ka gyara mini?"

Sau da yawa na zauna gabanta da niyyar roƙon gafara a kan barinta da na yi a gindin bango. Da na buɗe baki sai ta katse ni da labarin kifi ko na hasumiya, da wani sabon mai taimako da ban taɓa ji ba, mu shiga gardama har in manta abin da ya kawo ni. Sai a ranar sadakar uku, ina zaune cikin masu ta'aziyya, tunani ya zo mini cewa wataƙila da gangan take yi. Ban sani ba. Wadda za ta faɗa mini tana ƙarƙashin ƙasa.

Ya Allah, Ka jiƙan Hajiya Gambo, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka karɓi hajjinta. Ka saka wa bayinKa da suka ɗauke ta a wancan gari, ko su wane ne, Kai Ka san su. Ka ba Habu da ƙannenmu mata da jikokinta haƙurin rashinta, Ka haɗa kanmu a bayanta. Ni kuma, gafarar da ban samu na roƙa a wurinta ba, ina roƙonta a wurinKa. Amin.