Ɗaya Gefen Saƙin Inna

Warin busasshen ganyen darbejiya ne ya tuno mini da Inna, kakata, da na buɗe adakarta yau. Farin saƙin da uwarta ta saƙa, wanda muke cin abinci a kansa, yana nan. Ganyen ya hana asu taɓa shi.

Shekarar fari, dusa da tafasa muke ci, amma sai Inna ta shimfiɗa shi. In mun gama, ta kama gefe, in kama gefe.

"Sauya ninki, 'yar nan," takan ce. "Inda ya saba lanƙwasa, nan zai tsage."

Yau na kakkaɓe shi, na miƙa ɗaya gefen. Babu mai karɓa. Da haƙori na riƙe.

Allah Ya shimfiɗa miki rahama, Inna, yadda kika shimfiɗa mana.